Gaɓar Yauri Da Tsohuwar Sana'ar Mutanen Gungu

Matafiyin da ya taso daga Kwantagora ya nufi Sakkwato bisa babbar hanyar mota ba safai yakan san yana tafe kusa da ruwa mafi faɗi a wannan sashe na ƙasa ba, sai fa ya iso Yelwa. In ya bar titi ya gangara ta cikin gari zuwa bakin kogi da hantsi cikin watan Janairu, lokacin da hazon hunturu bai gama washewa ba, abin da zai fara gani shi ne ruwa ya miƙe fari fat har ya haɗe da sama, ba a rarrabe inda wannan ya ƙare da inda waccan ta soma. Daga nan sai jirage su dinga ɓullowa daga cikin hazon ɗaya bayan ɗaya, wani ɗauke da kwandunan busasshen kifi, wani da itacen wuta, wani da awaki da babura, wani kuwa ya nutse har baki saboda nauyin buhunan albasa. Ƙarnin kifi da warin albasa su ke yi wa baƙo maraba a tashar jirgin Yelwa, kuma wanda ya nemi sanin tarihin ƙasar Yauri, waɗannan biyu sun ishe shi mafari.

Ita dai masarautar Yauri tana kudancin Jihar Kebbi ne, ta kuma ƙunshi ƙananan hukumomi uku, watau Yauri mai hedkwata a Yelwa, da Ngaski mai hedkwata a Wara, da kuma Shanga. Kogin Kwara ya shigo ta daga arewa maso yamma, ya bi ta ƙasar Shanga yana nan a matsayinsa na kogi, to amma da ya wuce Zamare ya doshi Yelwa sai ya soma buɗewa, kafin a kai Wara ya zama tafki sosai. Wannan shi ne tafkin Kainji, wanda tsawonsa ya kai wajen kilomita 136, faɗinsa kuwa a inda ya fi faɗi, watau wajen tsibirin Hoge wanda aka rubuta Foge a taswira, ya kai kilomita 24. Da farkon damina, in iska ta taso daga gabas, igiyar ruwan wannan wuri takan yi tsawon da ko ƙwararren matuƙi sai ya nemi gaɓa. Da rani kuwa ruwan yakan kwanta lumui, giginyoyi su tsaya jere a bakinsa, balbelu da zalɓe su cika fadamu, shanun Fulani su gangaro cin burgu, can da yamma kuma a ji gurnanin dorina daga nesa.

A ƙasashen Turai akwai gaɓoɓin ruwa da suka yi suna a duniya saboda wata tsohuwar sana'ar noma da ta manne musu. A arewa maso yammacin Italiya akwai ƙauyuka biyar a bakin teku da ake kira Cinque Terre, inda manoma suka shafe ɗaruruwan shekaru suna sassaƙe jikin tsauni hawa hawa, suna tokare ƙasa da katangun dutse marasa siminti, domin su sami wurin shuka inabin da suke yin giya da shi. A Suwizalan ma akwai irin wannan a Lavaux, bakin tafkin Janeba. Hukumar UNESCO ta sa na farkon cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1997, na biyun kuma a 2007. Abin da aka girmama a wuraren nan gumin talakawa ne, domin su suka mai da gangaren dutse gona. Yauri ba ta da inabi, ba ta kuma buƙatarsa. Amma tana da tata sana'ar wadda ta tsufa tare da gaɓar, ta kuma ci gumi kamar waccan, ita ce noman albasa na Gungawa.

Mutanen Tsibiri

Gungu a Hausar wannan yanki shi ne tsibiri, saboda haka Gungawa na nufin mutanen tsibiri. Suna ne da Hausawa suka sa musu. Su da kansu Reshe suke kiran kansu, harshensu kuma Tsureshe. Kafin a datse kogin, tsakanin Yauri da Busa cike yake da tsibirai manya da ƙanana, kuma a kansu Gungawa suka kafa ƙauyukansu, gida manne da gida saboda ƙarancin fili, ruwa ya zame musu ganuwa daga mahara da masu neman bayi. Maƙwabtansu a gaɓa su ne Kambari da Shangawa da Lopawa da Dukkawa, ga kuma Sarkawa masu sana'ar su, ga Hausawa da Nufawa 'yan kasuwa, ga Fulani makiyaya.

Ana lissafa Yauri cikin Banza Bakwai, sunan da masana tarihi na yanzu ba su cika natsuwa da shi ba, kuma wanda ya ga kufan ganuwar Birnin Yauri zai fahimci dalili. Birnin ya kasance zango a hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja daga Kano da Katsina. Ta gabansa Mungo Park ya wuce cikin jirgi kafin ya halaka a duwatsun Busa a farkon 1806. A 1830 kuma Richard Lander da ƙanensa John suka iso birnin suna cigiyar takardun Park, suka yi makonni a can ba su samu ba. Cikin abin da suka rubuta sun ambaci amfanin gonar ƙasar, da baba da taba da alkama da shinkafa mai kyau, har da albasa. Ke nan shekaru kusan 200 da suka wuce baƙo ya riga ya lura da ita. Bayan haka yaƙin basasa ya ci ƙarfin masarautar, labarin da Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya bi diddiginsa cikin binciken da ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Sai a 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, aka tsai da gadon sarauta a Yelwa inda yake har yau.

Farin Ruwa Da Baƙin Ruwa

Ba a fahimtar albasar Gungawa sai an fahimci halin Kwara a wannan wuri, domin kuwa kogi ne mai cika sau biyu a shekara. Cikar farko tana zuwa ne da damina, ta kai ƙarshenta wajen Satumba. Ruwan saman ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kebbi ne yake gangarowa ta gulbin Sakkwato da sauran rafuka, ɗauke da laka, shi ya sa launinsa ya yi fari-fari kamar an dama ƙasa, ake kuma kiransa farin ruwa. Cika ta biyu ita ce abin mamaki. Ruwan da aka yi a duwatsun ƙasar Gini, inda kogin ya samo asali, ba ya isowa nan da wuri. Sai ya shiga manyan fadamun ƙasar Mali tsakanin Mopti da Tambutu, ya bazu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya cikin ciyayi, ya zubar da lakarsa a can, sa'an nan ya fito garau ya bi ta Gao da Yamai, ya iso Yauri a tsakiyar rani, daga Disamba zuwa Fabrairu. Shi ne baƙin ruwa.

To, a nan dabarar take. A sauran ƙasar Hausa, manomin rani kullum bin ruwa yake yi: rafi yana janyewa, yana ƙara zurfin rijiya, yana ƙara tsawon jigo. Bagunge kuwa ruwa ne yake zuwa wurinsa. Farin ruwa ya janye ya bar masa sabuwar laka a gefen tsibiri, sa'an nan daidai lokacin da albasa take tsananin son sha, baƙin ruwa ya taso ya tsaya kusa da fangalinsa. Allah Ya haɗa masa abu uku da albasa ke so a lokaci ɗaya: ƙasa mai laushi, da ruwa a kusa, da sanyin hunturu.

Amma kada mai karatu ya zaci aikin mai sauƙi ne. Wajen ƙarshen damina ake yafa iri a ɗan wurin reno, a rufe da ciyawa don kada rana ko ruwan sama mai ƙarfi ya kashe tsiron. Bayan kamar mako shida, in ya kai tsawon taƙi, sai a cire a dasa ɗaya ɗaya da yatsa cikin fangali, watau 'yan ƙananan gadaje masu baki da aka daidaita don ruwa ya kwanta ko'ina daidai. Daga ranar dashe ba hutu. Da ƙwarya da gora ake ɗibar ruwa daga kogi ana shayarwa, safe da yamma, magidanci da 'ya'yansa, cikin sanyin da ke tsattsaga ƙafa. Ga cirar ciyawa da hannu, domin saiwar albasa ba ta da zurfi, fartanya tana iya yi mata lahani. Ga zuba taki. Ga sanin ranar da za a janye ruwa, wanda shi ne ma'aunin gwani: in aka ci gaba da shayarwa bayan lawashi ya soma kwantawa, albasar za ta yi girma ta yi kyan gani, amma ba za ta jure ajiya ba, sai ta ruɓe cikin buhu tun ba a kai kasuwa ba. Wata uku zuwa huɗu bayan dashe ake cira, a shanya ta a inuwa har wuyanta ya bushe. Lawashin ma ba a zubarwa, mata su kirɓa shi su dunƙula su shanya, ya zama gabu na miya.

Sa'an nan akwai batun iri, wanda shi ne ainihin gadon. Albasa ba ta ba da iri a shekarar da aka shuka ta. Sai manomi ya zaɓi kawunan da suka fi kyau cikin amfaninsa, masu tauri, masu ja, masu siririn wuya, ya hana kansa sayar da su ko da kuɗi ya yi kuɗi, ya adana, ya sake binne su a kaka mai zuwa, su yi fure, ya tara irin. Kowace shekara ido ne yake zaɓe. Wanda ya yi haka shekara hamsin, ɗansa ya ɗora, jikansa ya ɗora, to irin da ke hannunsu ya zama nasu, ya saba da ƙasarsu da ruwansu da cututtukan wurin. Wannan shi ne daidai abin da manoman inabi na Turai suke tinƙaho da shi, illa dai su sun rubuta nasu.

Batun Giya

Tun da an ambaci giyar inabi, ya kamata a faɗi gaskiya cewa gaɓar Yauri ma ta san giya a zamanin da, sai dai tata ta dawa ce. Kambari da Dukkawa da Gungawan da ba su musulunta ba sun kasance suna dafa ta, kuma aikin mata ne. Ana jiƙa dawa a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama a dafa cikin manyan tukwane, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, a tace, a bar ta ta tashi. Aikin kwanaki ne. Ba abin sha kawai ba ce a wurinsu: da ita ake sallamar 'yan gayya a gona, da ita ake taron kokawa bayan kaka, da ita ake bikin mutuwar tsoho, ita ake zuba wa tsafi. Inda akwai tukurwa a bakin rafi kuma akan sami bammi.

Bambancinta da giyar inabi shi ne rashin jimiri. Ta inabi ana rufe ta cikin kwalba ta shekara goma, a ɗauke ta a jirgi zuwa wata nahiya, don haka ta zama haja, ta zama dukiya, ta jawo wa ƙasarta suna. Burukutu da bammi kuwa kwana ɗaya biyu sun lalace, inda aka yi su nan ake shanye su. Saboda haka ba su taɓa zama abin fatauci na nesa ba. Da musulunci ya game ƙasar, kasancewar ya haramta giya, sai al'adar ta yi ta ja da baya zuwa ƙauyukan lungu, bayan haka kuma Jihar Kebbi ta ƙaddamar da shari'ar musulunci a shekarar 2000. Abin da ya ɗauki sunan Yauri zuwa nesa, tun a jirgin ruwa har zuwa zamanin manyan motoci masu bi ta Kwantagora da Jebba zuwa Ilori da Badun da Ikko, albasa ce da kifi.

Shekarar Da Ruwa Bai Janye Ba

A 1964 aka soma ginin madatsar ruwa ta Kainji, kuma kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi aikin, watau mutanen ƙasar da ke alfahari da gonakin bakin tekunta. A 1968 aka rufe ƙofofi ruwa ya soma taruwa, a watan Fabrairu na 1969 kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta, ana tsakiyar yaƙin basasa. Babu mai musun amfaninta. An tsara ta da gurbin injuna goma sha biyu, aka kafa takwas masu ƙarfin megawat 760, kuma shekara da shekaru ita ce ƙashin bayan wutar lantarkin Nijeriya, har Jamhuriyar Nijar ma ta sha daga gare ta.

Kuɗin wannan alheri kuwa wasu ne suka biya. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga mazauninsu. Tsohon garin Busa ya nutse, aka gina Sabuwar Busa. Yawancin tsibiran Gungawa suka nutse tare da gidaje da makabartu da wuraren tsafi da fangulan albasa. Da farko an gwada biyan diyya da kuɗi don kowa ya gina nasa, da aka ga abin ba ya tafiya sai hukuma ta ɗauki ginin da kanta, aka jera gidajen bulo masu lanƙwasasshen rufi a sababbin ƙauyuka bisa tudu. Ta fuskar tsari a takarda, aikin ya sami yabo har a ƙasashen waje. To amma an mayar wa mutane ɗaki, ba a mayar musu da gona ba. Ana iya auna ɗaki da ƙafa a gina irinsa. Lakar da kogi ya shekara dubu yana tarawa a gefen tsibiri ba a ɗaukarta a mota.

Har ila yau, madatsar ta juya kalandar ruwan. Yanzu tafkin yakan cika ne a ƙarshen damina ya tsaya cike cikin hunturu, sa'an nan ya dinga sauka sannu a hankali yayin da injuna ke shan ruwa, har ya yi ƙasa da wajen mita 10 kafin sabon farin ruwa ya iso. Ma'ana, a watannin albasa ƙasa mai laka tana ƙarƙashin ruwa, sai zafin bazara ya shigo take fitowa, lokacin da albasa ba ta so. Filin da ruwa ke bari ya yi wa makiyayi rana, ya yi wa mai masara da shinkafa, amma Bagunge da ƙwaryarsa ya sami kansa a bakin tsakuwa. Wani masanin labarin ƙasa mai suna Wolf Roder ya yi nazarin waɗannan manoma tun a farkon al'amarin, ya kuma dawo ya fitar da littafi a 1994 a kan yadda mutanen Kainji suka yi da rayuwarsu bayan tafkin.

Ba su miƙa wuya ba. Wasu suka koma noman tudu na dawa da gero kamar Kambari. Wasu suka shiga su gadan-gadan. Wasu suka yi ta laluben gaɓa, musamman daga Yelwa zuwa sama inda tafkin ya ƙuntata ya koma kogi, har suka gano wuraren da albasa za ta karɓa. Da ƙananan injunan ban ruwa suka yawaita daga shekarun 1980, nisan ruwa ya daina zama shamaki, sana'ar ta sake tsayawa da ƙafarta. Buhunan da ake saukewa a tashar Yelwa su ne shaida. Wani abin tausayi kuma abin sha'awa shi ne, mutanen sun tafi da sunayen tsibiransu. Har yau akwai Gungun Sarki da Gungun Tagwaye a bakin jama'a da takardun hukuma.

Kifi

Shi ma kifi ya ga sauyi. A shekarun farko, da ruwa ya haye daji ya ruɓar da ciyayi, abinci ya yi yawa, kifi ya yi ambaliya, masunta suka kwararo daga ko'ina, har abin da aka kama a 1971 ya haura tan 28,000. Kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Giwan ruwa da yauni da ramboshi manya suka yi wuya, aka koma kan karfasa da ƙurungu da ɗan ƙaramin kifin nan warangi, wanda ake ja da babbar koma mai ƙananan idanu da ake kira dala. Ita dala ba ta zaɓe, har 'ya'yan manyan kifaye take kwashewa, shi ya sa aikin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus da aka soma a tafkin a 1993 ya mai da hankali kan hana ta, tare da sarakuna da sarakunan ruwa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan Sabuwar Busa. Bikin Rigata na Yauri, inda ake tseren jirage da nuna gwanintar ruwa a gaban Mai Martaba Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gado a 1999, shi ne ranar da mutanen ruwa ke tuna wa na tudu ko su wane ne.

Abin Da Ke Salwanta

Akwai asara iri biyu da ke tafe a gaɓar nan, ɗaya ana gani, ɗaya ba a gani.

Wadda ake gani ita ce ta kasuwa. Kowa lokaci ɗaya yake cirar albasa, daga Fabrairu zuwa Afrilu, saboda haka lokaci ɗaya take faɗuwa warwas. Manomin da ya ci bashin taki da man inji ba shi da ikon jira, sai ya sayar wa dillali a bakin gona. Wanda ya daure ya zuba a rudu, watau rumfar kara mai ɗagaggen gado da ake ajiyar albasa, zafi da laimar damina su cinye masa kashi mai yawa kafin kuɗi ya tashi. Ribar tana wurin wanda yake da wurin ajiya da mota. Ga kuma suna: yau in aka ce albasa a Jihar Kebbi, Aliero ake fara tunawa, kuma sun cancanta, don sun yi aiki. In buhun Yauri ya isa kasuwar Ikko, albasar Hausa kawai ake ce masa.

A nan ne darasin masu inabi yake da amfani ga ma'aikacin gwamnati. Tun 1935 Faransa ta kafa dokar da ta ɗaure sunan wuri da amfanin wurin, yadda ba mai ikon sa sunan wani yanki a kan kayansa sai a can aka noma, da irin can, bisa hanyar can. Ba sai an je Turai ba ma. Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun yi wa jar albasar Galmi irin wannan rajista, kuma duk Afirka ta Yamma an san ta da sunanta, ana neman irinta da sunanta. Kafin a kai ga haka sai an fara da ƙaramin aiki: malamin gona ya zauna da tsofaffin manoma, a tattara irin da ke hannunsu, a gwada shi gefe da gefe da na kanti, a rubuta halinsa. Aiki ne da bai fi ƙarfin ɗalibin aikin gona mai neman abin da zai rubuta a shekararsa ta ƙarshe ba. Irin kanti yana da sauƙin samu, kuma duk shekarar da manomi ya saya maimakon ya ajiye nasa, zaɓen kakanni ya yanke a gidan.

Asarar da ba a gani ita ce ta harshe. Frank Salamone, wani masanin al'adu Ba'amurke da ya zauna a Yauri, ya rubuta a 1975 yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Hausawa, ya kuma nuna cewa tashin da aka yi musu daga tsibirai ya gaggauta abin. Wannan ba sabon abu ba ne a Yauri, da yawa daga masu kiran kansu Yaurawa jikokin mutanen gungu ne, kuma ba wanda zai zargi mutum don ya zaɓi addini ko harshen da zai yi kasuwa da shi. Amma sunayen ƙasa iri iri, da na iska, da na matakan ruwa, da na cututtukan shuka, cikin Tsureshe aka ajiye su. Yaron da ya tashi a Yelwa da Hausa kaɗai zai gaji gonar, kalmomin kuwa su bi kakarsa.

Masu sha'awar a mai da gaɓar wurin yawon buɗe ido suna da hujja, don kyan wurin bai da abokin gardama. Sai dai baƙo ba ya zuwa inda ɗan gari ke tsoro. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 ya girgiza ƙasar duka. Makonni uku kafin wannan, ran 26 ga Mayu, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira, yawancinsu kuwa talakawa ne masu neman abinci. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, wadda aka yi dokarta a 2010 amma ba ta soma aiki ba sai bayan shekara goma, ta rarraba rigunan ruwa a garuruwan gaɓa. Lodin da ya wuce kima da tsufan jirage suna cikin dalilan irin wannan hatsari, haka kuma kututturan itatuwa. Ba a sare dajin duka ba kafin ruwa ya hau a 1968, saboda haka itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi. In tafkin ya sauka wajen Yuni da Yuli sai kawunansu su fito baƙi ƙirin, jere jere, a inda dā gonaki ne da bakin ƙauyuka, matuƙa su dinga karkata jirgi suna ratsawa tsakaninsu da lodin albasar da ta saura a rudu.